Ƙafar Bilyaminu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Bilyaminu ya bugo daga Legas da hantsi. Wai ya yi targaɗe a idon sawu wajen atisaye, likitan kulob ɗinsu na ƙwallon kwando ya ce kada shi buga wasan ƙarshe ran Asabar. Na ce mishi, ɗan wa? Ni na yi kokowa a Jabo da haƙarƙari a karye, na kuma ka da mutumina, alƙali ne ya ci amanata ya ce gwiwata ta fara taɓa ƙasa. Namiji ba shi zama benci ana rabon suna. Ɗaure ƙafa tamau, ka ce ma koci ta warke. Ya ce, "To, Baba."

Uwarsa Batula tana bakin murhu tana ji. "Malam, da ƙafar nan yaron ke cin abinci fa." Na ce ta ji da tuwonta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun fara yankan dawa. Ɗa kamar giginya, ga gona ga shanu, ya tafi jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi. Tunda ya zaɓa, shi yi ta kamar jinina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sabis ɗin waya nan garinmu Kebbe yankewa shikai, sai na hau kabu-kabu zuwa Tambuwal, shagon Na'Allah, abokin kokowata na da. Ya jingina waya da gwangwanin madara munka zauna kallon wasan. Shi ya gaya mini doka: laifi biyar, an fid da mutum, ba dawowa.

Rafalin wani siriri ne, usur ba ya barin bakinsa. Akwai wani gajere cikin abokan hamayya, mai lamba bakwai, zillo gare shi kamar tarwaɗa. Ya kewaye Bilyaminu, yaro ya miƙa hannu, fiit! Ɗaya. Na biyu kuwa zalunci ne tsagwaro: yana tsaye inda yake, mutum ya zo ya banke shi, shi anka busa ma. Kafin hutun rabin lokaci ya yi uku, koci ya zaunar da shi. Yana zama sunka dinga zuba musu ƙwallo kamar ana awon gero, don ba dogon da zai tsare kwando.

An maido shi kusa da ƙarshe. Na fuɗu bai jima ba. Na biyar ya yi tsalle zai kaɓe ƙwallo, usur da faɗuwarsa lokaci guda. Bai tashi ba. Mutum biyu sunka ɗauke shi, shina rufe da fuska.

An ci su da tazarar uku.

Na'Allah ya ce, "Tsohon kura, yaron nan ɗingishi shikai tun farko." Na ce makanta ta kama ka, rafali anka saye. Ban tsaya shan shayinsa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Bilyaminu bai ɗauki waya ba. Batula ta aje mini tuwo ta juya ta shige ɗaki.

Talata, 12 ga Nuwamba

Agara ce, jijiyar bayan dunduniya, ta tsinke. Sai an yi aiki. Da uwarsa ya yi magana a waya, ni ina zaure ina jiyowa. Koci ya tsare shi, don me ya yi ƙarya ya ce ta warke? Yaro ya ce shi ya ga zai iya. Bai ambaci kowa ba. Kulob ba su ce za su riƙe shi baɗi ba, ba su ce a'a ba.

Alƙalai duk halinsu guda, na Jabo da na Legas.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na je Tambuwal masallaci, na biya shagon Na'Allah don in nuna mishi zaluncin da idonsa. Ya sake kunna wasan, yana tsaidawa duk inda na ce. Na biyu dai ina nan kan bakana. Na ɗaya, ƙafar hagu ta ƙi juyawa, shi ya sa hannu ya tafi. Na uku haka. Na fuɗu har cije leɓe ya yi kafin usur.

Na ce kashe, wayarka ba ta nuna abu da kyau. Bai yi mini dariya ba. Gara ma da ya yi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Shekaranjiya anka kawo shi, da sanduna biyu, ƙafa naɗe da farin ƙyalle. Ya rame. Jiya maƙwabta sun zo gaishe shi, wani ya ce in ba su labarin kokowar Jabo don yaro shi ji ƙarfi. Na ce tsufa ya zo, na mance yadda anka yi.

Yau muna zuba dawa a rumbu. Ya hango ni da dami a ka, ya lalubo sandunansa zai miƙe.

Na ce, "Zauna."

"Baba, zan iya."

"Na san ka iya. Zauna har ta warke."

Batula ta ɗago ta dube ni. Na ce mata rana ta yi zafi wajen nan, a jawo mishi tabarma inuwa. Ni na jawo.