Rigar da Baba Ya Ɗinka

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na san ka ce kada a ƙara yi maka zancen Baba, to yau sai ka yi haƙuri. Ya faɗi a shago yana kan keken ɗinki, ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya ƙi magana. A asibiti sun cire gudan jinin da ya toshe masa jijiya, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa don su auna yadda jini ke gudana. Likita ta ce da wannan awon suke hasashen wanda zai tashi. Ni kuwa 'yar tela, abin da na tambaya kawai shi ne ko zai sake taka keke ya riƙe almakashi. Ta ce jini ya koma da kyau wajen da ke motsa hannu da ƙafa, in sa rai. Ka zo, don Allah.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Tun da na karanta takardarki abinci ya fita raina. Amma tunda likita ta ce zai tashi, bari ya tashi tukuna. Mutumin da na jefar masa da almakashi a gaban yaran shago, na ce ba zan tsufa a kan keke kamarsa ba, ba zan iya kallonsa a kwance ba. So nake ya zauna a kujerarsa ya wanke ni tas, ya kira ni shashasha kamar da, sannan in ji da kunnena ya ce ya yafe. Idan baki ya buɗe ki sanar da ni.

Autanku

*

Auta,

Bayan gaisuwa, kai dai taurin kanka har a takarda. Hasashen likita ya tabbata: Baba yana tafiya, yana cin abinci da kansa, har ya koma shago. Maganar ce shiru. Da na koma na tambaya, sai ta sake buɗe hoton nan na farko, ta nuna mini wani ɗan wuri mai duhu ta hagu.

"Nan ne wajen magana," in ji ta. "Jini bai koma ba. Na fara yi miki bayani ranar, kika ce ke dai hannu da ƙafa."

Ta ce kada mu sa rai sosai. Na fito na zauna a bakin matakala na yi kuka har na gode Allah. Abin da kake jira ba zai zo ba, Auta. Da na karanta masa takardarka, bai ɗago kai ba. Washegari ya zaɓi yadi, ya kore yara daga keken, ya zauna ɗinka maka riga. Sai da ya yi ta warwarewa yana sakewa, don hannun bai gama ƙwari ba. Ga ta nan a ƙunshe na aiko maka. Ka huta lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Riga ta iso. Ko kafaɗata ba ta wuce ba. Da awon da ya riƙe a kansa ya yanka ta, na shekarar da na bar gida ina siririn yaro.

Ina hanya. Kafin in iso, ki ce masa ta yi mini daidai.

Auta