Saniyar Kawu Bobbo

Litinin, 3 ga Yuni

Ciwon mboru ya shiga garkena. Shanu tara na dalalar da yawu, kofato duk gyambo, sun ƙi kiwo. Wata biyu kacal da Dokta Asta, malamar dabbobi, ta yi musu rigakafi.

Alhamis, 6 ga Yuni

A kasuwar Ngaundal na tsaya cikin mutane na ce ruwan rijiya Asta ta ɗura mana a allura. Aka kwashe da dariya. Jauro Hamajoda, dagacinmu, ya ce, "Wallahi ba ta ƙara taɓa saniya a ƙauyena." Ita kuwa tana wurin, cewa ta yi da ni, "Baffa, babu wata baƙuwar saniya da ta shigo maka?" Na ce babu. Ko ido ban ƙifta ba.

Akwai. Wule, karsanar da Kawu Bobbo ya aiko mini habbanaye daga tsallaken iyaka, aron zumunci har ta haihu. Ranar da ta iso na ga yawu a bakinta. To wa zai buɗe bakin saniyar kawunsa yana leƙe? Na sake ta cikin garke.

Asabar, 15 ga Yuni

Maruƙa uku sun mutu. Matata Dudu ta kife ƙwaryar nono. Tare muka ga yawun nan.

Laraba, 19 ga Yuni

Asta ta zo, duk da abin da na yi mata. Ta ce mboru iri-iri ne, sunan kawai suka tara. Allurar wani ba ta tare wani. Namu na gida ta yi wa rigakafi, wannan baƙo ne. Sai ta gano ta inda ya shigo kafin a yarda da ita. Ƙauyuka huɗu sun riga sun ƙi allura, kuma ana zancen ɗauke ta daga nan.

Wule na ɗaure a bayan rafi, ni na ɓoye ta. Asta ta sha shayina har da godiya. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na aika wa Asta ta zo gobe. Ba wani abu ba ne, Wule ce ke ɗingishi. Jauro ma na ce ya leƙo, ya daɗe bai sha shayina ba.

Dudu ta ce, "Wa zai riƙe mata bakin?"

Na ce ni.