Kwanon Ya Falmata

Ƙanena Yakubu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya karatu, ya sanyin Ingila? Mu nan unguwar Fezzan lafiya lau.

Ka ce can ta intanet kuke zaɓen gidan abinci, har ku kama kujera tun daga ɗaki. Ni kuwa shekaranjiya na kai baƙi rumfar Ya Falmata, mai tuwon Kasuwar Shanu, ban aika mata da safe ta ajiye mana ba. Tuwo ya ƙare, kunya ta rufe ni. Sai ta ɗauko kwanon da ta ware wa gidanta ta ba mu, ta ce, "Yayan Yakubu ne ai. Shi wa ke dafa masa a can?"

Na ce mata zan tambaye ka. Rubuto ka faɗa mini.

Ka gaida abokan zamanka, ka sa mu a addu'a.

Yayanka,
Bukar