Inuwar da Aka Bari a Bakin Kogi

Bekaji, Jimeta
Alhamis

Ƙawata Keturah,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya jikin Mama? Tunda makarantarku ta hana waya, ga takarda ta hannun direba.

Wasan nan da kika saka mini a kwamfutar maigidana Haladu ya hana ni sukuni. Kin san ni, duk littafin da na saya, tun a cikin keke nake leƙa shafin ƙarshe in ga ko za su auri juna. Wannan kuwa ba inda zan leƙa.

Da farko dariya na yi ta yi: a garin da ke cikin wasan ana sayar da atishawa a kwalba, ga wani tela mai buta a madadin kai. Yanzu telan nan da wata inuwa da ta ɓatar da mai ita su ne abokan tafiyata. Inuwar ba ta magana. In na tsaya, sai ta zauna kusa da ƙafata. Mun iso wani kogi, mai jirgin ya ce sai na bar ɗaya a cikinsu. Kwana huɗu ke nan na kasa zaɓa, har miya na ƙona. Ran Litinin kuma Haladu zai koma aiki Mubi da kwamfutarsa, sai bayan wata biyu.

Taki,
Yusrah

Litinin

Keturah,

Ina fata kina lafiya. Ni dai ba daɗi.

Jiya na je Mbamoi gaida Gogo. Kafin in dawo, Haladu, mai cewa wasan aljanu ne, ya ga wai ina shan wahala, ya zauna ya ƙarasa mini. Ya ɗauki telan, don wai mai sana'a ya fi amfani. A bakin ƙofa ya tare ni da murna, ko mayafi ban cire ba ya zayyana mini ƙarshen tas. Wasan kuma ba ya komawa baya.

Ya kasa gane fushina. Ya ce ai ni ce kullum mai son jin ƙarshe, kuma da daɗi aka ƙare.

Da asuba na haɗa masa kaya, na raka shi bakin titi. Kafin keke ya zo na daure na tambaye shi abu ɗaya: da jirgin ya tashi, inuwar zama ta yi ko ta biyo mu cikin ruwa?

Keturah, wai bai duba ba.

Ki gaida Mama.

Taki,
Yusrah