Wasan waya ya kusa jawo wa Abdulkahar halaka

Zuwa ga Yayana Salmanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Anti Muslimat da yara, Ya kuma ƙara maka buɗi a can Fatakwal. Mu nan Birnin Gwari da sauƙi. Ƙafar Inna ta daina kumburi, har tana zuwa Islamiyya da kanta. Masarar bayan gida ta yi kyau, gonarmu ta Gayam kuwa bana ba wanda ya iya leƙa ta saboda 'yan bindiga.

Yaya, na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. Ka san ƙaninmu Abdulkahar da wasan waya da yake yi a shagonsa na gyaran waya in ciniki ya yi sanyi. Daga wani littafin zane aka ɗauko shi, sojoji ne cikin rigunan ƙarfe suna yaƙi da wasu halittu a wata duniya, bindigoginsu na fitar da haske. Su huɗu suke haɗuwa ta intanet, kowa daga garinsu, suna magana ta abin kunne. Ranar Laraba da hantsi wani ya zo sayen caja, ya ji shi yana cewa a zagayo ta baya, masu gadi uku ne kawai a ƙofa, harsashinsa kuma ya kusa ƙarewa. Mutumin bai ga fuskar wayar ba. Ka san yadda garin yake yanzu, kowa tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto yake yi. Kafin azahar 'yan sa-kai sun zo sun tafi da shi.

Ina tankaɗe labari ya iske ni. Ban san yadda na isa ba, sai ganina na yi cikin taro ba takalmi. Yana zaune a ƙasa, riga a yage, mutane sun kewaye shi da sanduna, ina jin wani a bayana yana cewa ba sai an tsaya bincike ba. Wallahi Yaya, na yi ta rantsuwa cewa wasa ne, ba mai saurarena.

Sai ga maƙwabcinmu Baba Wakili. Ya ratsa taron ya tsaya a gaban Abdulkahar, ya ce ɗansa Micah da ke karatu a Zariya yana cikin abokan wasan, a bari a gwada. Shugaban 'yan sa-kan ya miƙa wa Abdulkahar wayar, ya ce ya nuna musu. A daidai lokacin sabis ya ɗauke. Wayar na hannunsa, alamar neman sabis na ta juyawa, taro na ƙara matsowa, ni kuwa ba addu'ar da ban karanta ba. An fi minti ashirin a haka. Da sabis ya dawo, sojojin ƙarfen suka bayyana, muryar Micah ta fito yana dariya, yana tambayar me ya sa ya gudu ya bar su aka karkashe su. Baba Wakili ya karɓi wayar ya yi masa magana da Gwaranci, dariyar ta tsaya nan take. Aka ce mu tafi gida.

To amma maganar ba ta mutu ba. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya kawo masa gyara, wasu kuma na cewa ai da wasan ake koyon harbi. Duk sanda babur ya tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Don Allah Yaya, ka karɓe shi wurinka ko na wata shida ne, hannunsa na da sana'a, ba zai zame maka nauyi ba. Jiya ina zuba masa abinci ya tambaye ni ko zan yarda da shi da sabis bai dawo ba. Na ce ƙwarai. Sai ya ce, masu sandunan nan kuma fa?

Inna na gaishe ka, ta ce ka amsa da wuri. Ka miƙa gaisuwata ga Anti Muslimat, da Nafisat, da ƙaramin Abdulfattah. Ku riƙa saka mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Juwairiyya