Malamin da Ba Ya Korar Ɗalibi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki wannan. Masu leƙen shafina kuwa su leƙa, wani ɓangaren dama da su nake.

Inna, na gama karatu. Ni ɗin nan da kika tafi kina fargabar bakina zai kore ni daga kowace inuwa.

Kin tuna yadda na koyi boko, daga rubutun bayan manyan motoci a tashar Maigatari, ina tsare direbobi da tambaya har su zage ni. Bayan rasuwarki na shiga koyon haɗa sola ta wayar hannu. Ajin farko na kai tsaye ne. Malam yana Kano, ƙarfe goma na safiyar Alhamis kowa ya hau. Alhamis fa, Inna, ranar kasuwa, ranar da nake riƙe wa Kawu Ilu shanu a kara. Ga sabis ɗinmu na bakin iyaka, kana tsaka da sauraro waya ta tsallaka Nijar ba fasfo.

Ran nan na buɗe murya zan yi tambaya, wani bijimi ya riga ni. Malam ya ce ɗalibin da ke cikin garke ya bari 'yan uwansa su gama magana tukuna. Aji ya kwashe da dariya. Kin san ɗanki. Na gaya masa naman da yake ci a Kano daga garken nan yake zuwa, na ɗora da wasu maganganun da ba zan maimaita a gabanki ba. Kafin la'asar an cire ni.

Sai na koma darussan da aka naɗa. In na samu sabis in sauke, in kalla a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan na dawo gona. Wannan malamin ba ya gajiya. Darasin haɗa batura sau tara na maimaita shi, bai ce min daƙiƙi ba. Na yi masa tsawa, bai kore ni ba. Masu cewa wanda bai zauna gaban malami ba bai yi karatu ba, su zo garinmu Ɗanzomo su duba fitilar shagon Kawu, su tambayi wa ya haɗa.

Amma ke ba zan ɓoye miki ba. Da famfon sola na unguwarmu ya tsaya, mai unguwa ya ce tunda ina cika baki, ga fili. Kwana biyu ina kai. Mata na wucewa da jarkoki zuwa rijiyar bayan gari, wadda ta cinye miki baya, suna kallona. Na bi darussan daga farko har ƙarshe, ruwa bai zo ba. Bidiyo ba ya jin tambaya. Abin da ya faɗa jiya, shi zai faɗa gobe.

Lambar malamin Kano tana wayata. Na daɗe ina kallonta. Kina yawan cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, shi kuwa wannan ba wada ba ne, ya fi ni ta ko'ina.

Na kira, Inna. Na ba shi haƙuri. Sai ya ce in juya kyamara ya ga akwatin wutar famfon. Bai daɗe ba ya hango wata wayar wuta da zafi ya cinye a can ƙasa, inda babu bidiyon da ya taɓa haskawa. Kafin azahar ruwa na zuba.

Takardar shaida tana nan, da kaina na samo ta, kuma ba na jin kunyar nuna ta. Amma ba don ita na rubuto ba. Don wancan kiran ne. Shi ne abin da kika yi ta roƙa min ba ki gani ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya sa ladan kowace jarka da aka cika a famfon nan ya iske ki.

Naki har kullum,
autanki Habu.