Sunan makarantar Malam ya koma hannun 'yan caca, kuma ni ne sila

Assalamu alaikum Admin, barkan ku da aiki. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, abin da ke cina ya ishe ni.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Talata Mafara. Malamin da ya koya min karatu tun ina yaro yana da makaranta a Bakura, wadda ya sa wa sunan mahaifinsa. Ni na buɗe mata shafin intanet, inda mahauta da dillalan shanunmu da ke kudu ke sauraron tafsirinsa. Wajen rajistar sunan shafin akwai .sch.ng na makarantu, wanda sai an nuna takardun makaranta ake bayarwa. Ni da son sauƙi na ɗauki .com.ng, wanda ba mai tambayarka komai, na sa sunana da imel ɗina. Har ina yi wa kaina kirarin wayo.

Bara babban ɗan Malam ya ce min a gaban ɗalibai, "Kai hwa ɗan danna-danna ne, mi ka sani ga ilimi?" Abin ya tsaya min a rai. Da saƙon sabunta rajista ya shigo, na gani na share. Ya sake zuwa, na sake sharewa, wai shafin ya mutu su zo su roƙe ni. Na san sunan da ba a sabunta ba yakan koma kasuwa, to amma wa zai kula da sunan wata makaranta a Bakura? Ashe akwai masu jira. Wa'adin na cika wani ya yi rajistarsa, yanzu duk wanda ya shiga tallar caca yake gani da hotunan banza, a ƙarƙashin sunan mahaifin Malam. Har a kasuwar Damri ana cewa Malam ya sayar da kansa.

Makon jiya Malam ya aiko na je. Ya rame, ya daina fita karatun la'asar. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wanga suna tsabtatacce ubana yab bar min shi. Kai kaɗai na yarda da kai, ka gano wanda yay yi muna haka." Wallahi da na fito, a bayan katanga na durƙusa ina kuka.

Na bincika, ana iya kai ƙorafi wurin masu kula da sunayen shafukan intanet na ƙasa, ko Allah zai sa a dawo da shi. Amma ana fara duba tsohuwar rajista za a ga ni aka yi ta aiko wa gargaɗi. In na yi shiru sunan ubansa na can cikin ƙazanta, in na yi magana zai san wanda ya riƙe wa hannu.

Jumma'a ya ce in koma masa da sunan mutumin. Me zan yi?